Awon Jinin Baban Tabita

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ce Rahila ta Zumuntar Mata, matar Baban Tabita, wanda kuke kira Komandan. Uwargidan Fasto ce ta ce in rubuta shaidata a sa a takardar ikkilisiya. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Tun da aka kawo ni gidan nan na unguwar New Bell a Duwala nake ɗauke da tsoro guda, cewa wata rana jirgi zai faɗo da shi. Maigida matuƙin jirgin kaya ne. Gidanmu kuwa ba nisa da filin jirgi, in babba ya tashi har kwanon rufinmu rawa yake. Ina tuƙa tuwo, da na ji ƙara sai muciya ta tsaya a hannuna har sautin ya ɓace. Shi ba mutane yake ɗauka ba, magunguna ne, da ƙarafan injin, wani lokaci 'yan tsaki cikin kwalaye, zuwa Injamena ko Bangi. Yakan dawo rigarsa tana warin kaji, in rungume rigar kafin in wanke, ina godiya.

Kullum idona yana sama. Ashe ta ƙasa abin zai zo mana.

Wata ranar aiki da hantsi sai ga shi ya shigo. Bai cire takalmi ba ya zauna a bakin gado. Ya ce kamfani ya sayar da jirgin, an sallame su duka. Abin kunya, 'yan'uwa, a zuciyata na yi murna! Na ce to, yau dai zan yi barci. Ban san me zaman gida yake yi wa mutumin da ya saba da gajimare ba.

Da farko yana fita. Ya goge riga, ya hau benskin, wato acaba, zuwa ofisoshin Bonapriso neman aiki, ya dawo da yamma hannu banza. Daga baya wani abokinsa mai motar kifi ya ce ya riƙa raka shi bakin ruwa a Youpwé suna lodin kifi da ƙanƙara. Ya je, ba girman kai. Amma unguwa ba ta bar shi ba. Mahautan bakin layinmu, ba da mugunta ba, da sun hango shi sai su ce, "Komandan, yau kuma na ruwa aka tuƙa? Ina tsarabarmu?" Ya yi dariya tare da su. In ya shigo gida sai dariyar ta faɗi daga fuskarsa kamar an cire hula.

Tabita kuwa lokacin tana koyon magana. Duk jirgin da ya wuce sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Baba!" Ga Baban a zaune a gefenta a kan tabarma. Wayyo!

Ni na fara lura da jijiyar nan ta gefen goshinsa. Tana tashi, tana bugawa, kana ganinta daga ƙofa. Idanunsa suka yi ja. Yana yawan dafa ƙeya. In na tambaya, ya ce zafin Duwala ne.

Aka daɗe a haka, har damina ta shiga ta fita. Sai wani tsohon abokin aikinsa ya kira shi, cewa wani ƙaramin kamfani yana neman matuƙi, mai kai magani da abinci ƙauyukan dajin Santrafrik, wato Afirka ta Tsakiya. Ƙaramin jirgi ne, filin saukar ma jar ƙasa ce. Ranar ya ci tuwo ya nemi ƙari. Abu ɗaya ya rage. Ashe matuƙi ba ya hawa jirgi sai da takardar likita, tasa kuwa ta mutu yana zaune a gida.

Ya je awo. Likitan matuƙa ya ɗaura masa abin nan a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce tansiyo ce, jininsa ya hau sosai. Ya ce ya je ya huta, ya dawo.

Ya huta! Ta yaya mutum zai huta, alhali abincin gidansa yana rataye a kan hutun? Da ya tuna awon, jinin ya hau. Da jinin ya hau, ya tuna awon.

Ni ce na kawo maganar a zumunta don a yi addu'a. Kuka amsa, Allah ya sāka muku. Kuka yi ta zuwa jaje, ƙungiya ƙungiya, kamar yadda aka saba. Mata da safe, dattawa da yamma, matasa da ganga. Kowa ya shigo sai ya zauna gabansa ya ce, "Sannu Komandan, yaya jikin? Yaushe za a koma wurin likita? Kada ka damu fa!" Shi kuma dole ya tashi ya sa riga, ya amsa wa kowa, ya ba da labarin daga farko. Ana addu'a da ƙarfi an ɗora masa hannuwa, ni na buɗe ido ɗaya ina kallon jijiyar tana tsalle.

Ba zargin kowa nake ba. Ƙauna ce ta kawo ku.

Ya koma awo, jinin ya fi na da. Likita ya ce sai an sa shi a kan magani. Ya ƙi. Ya ce min a tsakanin matuƙa ana faɗa, ranar da aka rubuta magani a takardunka, ka gama tashi. Sai muka koma na gida. Zoɓo ba sukari, tafarnuwa, ruwan shuwaka, miya ba gishiri har Tabita ta ƙi ci. Kamfanin kuma suka aiko cewa ba za su jira har abada ba, akwai wasu a layi.

Maƙwabciyarmu Hajiya Mairo, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ma tana da ciwon, tana da na'urar awo a ɗakinta. Ita take ara mana. Wata safiya na je mayarwa, ta kalle ni ta ce, "Maman Tabita, zauna. Gidanku kasuwa ce ko asibiti? Ni da nake bayan katanga ma kaina ciwo yake. Kuma ke kanki, wannan fuskar taki ta wadda aka yi wa rasuwa, ita kaɗai ta isa ta tada jinin raƙumi."

Na ce, "Hajiya, baƙi ne na Allah, ya zan kore su?"

Ta ce, "To ki bar su, su yi ta zuwa har su zo ta'aziyya."

Maganar ta soke ni. Na dawo gida, wanki na jiƙe a baho, na durƙusa a gefensa. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Na ji tsoron sama, yanzu ina tsoron ƙasa. Mutumin nan yana mutuwa a gabana yana zaune. Ka ɗauki tsoron nan, ko ka nuna min inda zan ajiye shi." Na yi kuka har ruwan sabulu ya huce. Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Amma da na miƙe, ƙafafuna ba sa rawa.

Da la'asar iyaye mata suka zo, Mama Saratu shugabarmu tana gaba. Ni da ban taɓa ɗaga ido gaban babba ba, na tsaya a bakin ƙofa na durƙusa na ce, "Mama, ku gafarce ni, yau ba shiga. Yana kwance."

Ta ce, "Rahila, addu'a ce muka kawo, ba bashi muka zo karɓa ba."

Na ce, "Na sani, Mama. Mu yi ta a nan waje, a hankali. Allah zai ji."

Ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai. A bakin kwata muka yi addu'ar, da raɗa. Na san wasu sun ji haushi, har yau akwai wadda ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Na shiga ciki na ce masa, "Baban Tabita, ka karɓi maganin. In sun hana ka tashi, sun hana. Gara in ga kana ɗaukar kifi da in ga an ɗauke ka." Washegari ya sa riga ya tafi wurin likitan. Ashe abin da matuƙa suke faɗa ba duka ne gaskiya ba, akwai maganin da aka yarda a tashi da shi, in jinin ya zauna.

Gida ya yi shiru. Ya sha magani. Da ya koma, jinin ya sauka, ba sosai ba, amma ya sauka daidai inda ake so. Likita ya sa hannu. Haleluya! Yesu ya yi! Ranar Hajiya ta aiko mana da ƙosai, ta ce ba gishiri a ciki, ƙarya take, akwai.

Yanzu yana tashi. Na gode wa Ubangiji, ba zan ɓoye alherinsa ba. Amma ba zan yi muku ƙarya a takardar ikkilisiya ba. Inda yake sauka, wani lokaci sai an kori awaki daga fili, wani lokaci kuma a ce kada su sauka, ana harbi. Yakan yi makonni ban ji muryarsa ba. Aikin na ɗan lokaci ne. Takardar likitan ma gajera aka ba shi saboda maganin, ta kusa ƙarewa, sai an sake awo. Zuwansa na ƙarshe na ɗaura masa na'urar Hajiya, ya karanta lambar, ya cire bai faɗa min ba. Ni ban san lambobin ba, amma na san fuskarsa. Kuma ina da ciki.

Wasu ranaku bangaskiyata ba ta kai ƙwayar gero ba. Ina riƙe da ita haka nan, domin wanda ya tsayar da ƙafafuna a gefen baho yana nan. Ku ma ku dogara gare shi, ko da ba ku ga ƙarshen hanya ba.

Ga roƙona. Zai dawo ƙarshen watan nan saboda awon. In kun gan shi a sujada, ku gaishe shi, ku tambaye shi Tabita, ku yi masa hirar ƙwallo. Kada ku tambaye shi jiki, kada ku tambaye shi likita. Kada ku zo gida sai an gama. Ku yi mana addu'a daga ɗakunanku, don Allah.