Mai Koren Mayafi a Ƙarƙashin Agogo

A ɗakin jiran wani gidan jarida na ji wani tsohon direban jirgin ƙasa da wata ungozoma suna hira.

"Labarin wata mata zan ba su, 'yata. Shekarar da aka daina jirgin kwal, kullum na ratsa tasharsu tana ƙarƙashin agogo da koren mayafi. Sun ce za su sakaya sunanta."

"Suna kaɗai, Baba? Ni da suka buga labarina fuskata suka rufe, maƙwabta suka gane ƙofar gidana. Matar nan yanzu fa kakar wasu ce. Cire tashar, cire agogon, cire mayafin."



"In na cire su, ita ma ba za ta gane kanta ba."

"Ashe ita kake nema, Baba."

Da aka kira shi, bai tashi ba.