Ƙyauren da ke Kai Ƙara

A rumfar mai kayan ƙarfe cikin kasuwar Tawa, wani dattijo na jujjuya pomel, ƙarfen da ke riƙe ƙyaure. Wata Hajiya da ta zo sayen kwaɗo ta leƙo.

"Malam, wanga ya yi ma ƙofar ɗaki ƙanƙanta."

"Na armuwar na, Hajiya, kabad ɗinmu na gida. Da hannuna na haɗa ta, katako mai kyau. Amma ƙyauren in an buɗe sai ya yi ƙara kamar akuya ta ga wuƙa."

"Ba sai ka canza ba. Ɗaure kusoshin, ka ɗiga mai."

"Na ɗiga. Uwargida ta bi da tsumma ta goge."

"Ta goge? To mi ke cikin armuwar ɗin?"

"Kwanoni."

"Kwanoni kaɗai?"

"Da ɗan sukari na shayi. Da dabino."

"Likita ya hana ka, ko?"

"Likitan nan yaro na, bai san komi ba! Ɗaya tak nike ɗauka, amma ko tana bayan gida sai in ji, 'Malam Hasan, na ji ka!'"

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta goge ido.

"Nawa maigidan, Allah ya jiƙan shi, armuwar ɗinmu ba ta ƙara ko kaɗan."

Dattijon ya juya wajen yaron da ke tsaron rumfar. Ya aje pomel ɗin.

"Yaro, ba ni kusa huɗu kawai. Ƙyauren ya ɗan saki."