Matar da na kira raguwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomi ne daga Gwashi, kuma laifina na kawo a karanta.

Matata na da ciki wata bakwai ta fara haki in ta ɗebo ruwa. Na ce ragwanci ne. Da na kama ta tana cin ƙasar bango, sai na kira ƙannena muka yi mata dariya. Ran da ta faɗi a gindin turmi, sai da na gama cin tuwona sannan na kai ta asibiti.

Nas ta ja fatar idonta ƙasa, ciki fari fat. Ta duba harshe da tafin hannu, ta ce jininta ya kusa ƙarewa, cin ƙasar ma alama ce. Ta tambaye ni, "Malam, duk watannin nan mi kunka ba ta?"

Ni kuwa ban ba ta komai ba sai zagi.

An ƙara mata jini ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba. Yanzu tana wurin innarta a Gummi, ba ta amsa gaisuwata. Jama'a, da wane baki zan roƙi gafararta?