Ranar da 'Yata Ta Kira Wata Inna

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Iyayena mata, 'yan'uwana na nan Gummi, da ku da kuka taso daga Bukkuyum tun da sassafe, salama a gare ku. Sunana Rifkatu, matar Bitrus. Shaidata ba mai daɗin ji ba ce, domin ba daga ciwon jiki Allah ya fid da ni ba. Tausayin kaina ne ya kusa cinye ni, ni da gidana.

A wani ƙauye muke zaune can wajen Anka, muna noman gero da dawa. Sai zinariya ta bayyana. Maza suka riƙa kawo duwatsu cikin buhuna har tsakar gida, mu mata muna dakawa. Da hannuna na daka su, a turmin da nake surfe. Ƙura ta kwanta ko'ina, yara suna wasa a cikinta suna kai hannu baki. Wa ya san akwai guba a cikin dutse?

'Ya'yana uku a lokacin. Iliya yana shekara huɗu, Maryamu biyu, Hannatu kuma tana goye. Iliya ne ya fara: amai, sai jijjiga, idanu suka kafe. Kwana uku muka binne shi. Wata bai ƙare ba Maryamu ta bi shi. Da likitoci suka zo suka gwada jinin yaran gari, suka ce gubar dalma ce. Aka kwantar da Hannatu a asibiti a Anka, ta rayu, amma gubar ta riga ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Sai da ta shekara uku ta fara tafiya, tana jan ƙafa. Magana kuwa, ko kalma ɗaya babu.

Muka baro ƙauyen muka dawo Gummi, gidan yayar mijina Talatu, wadda mijinta ya rasu. Nan na shimfiɗa tabarmata a ɗaki na kwanta, kuma gaskiya, 'yan'uwa, shekara biyar ban tashi ba. Jikina lafiya lau! Ina ci, ina sha. Amma duk wanda ya leƙo sai ya ji labarina daga farko. In ya yi hawaye, in ji sanyi a raina. In bai yi ba, in sa shi cikin maƙiyana. Ina zuwa sujada in zauna can baya, ana waƙa ina ƙirga matan da 'ya'yansu ke raye, ina cewa a zuciyata, da me suka fi ni?

Bari in faɗa muku iyakar munin abin. Akwai wata Bafulatana mai kawo mana nono, Hajo, mace mai kirki. Maciji ya sari ɗanta wajen kiwo, ya rasu. Talatu ta matsa mini muka je rugarsu gaisuwa. Ina zama na buɗe baki na ce, "Hajo, ki gode wa Allah, ke ɗaya kika rasa. Ni biyu, ta ukun kuma gara ma a ce babu."

Ta ɗago ta dube ni da idanunta da suka kumbura. Ta ce, "Rifkatu, gaisuwa kinka zo yi ko gasa? Sha ruwa ki koma gida. Allah shi ba mu haƙuri duka."

Kun san me na yi? Na dawo ina kuka wai an wulaƙanta ni!

Wata rana da azahar ina kwance, sai na ji wata 'yar murya a tsakar gida, wadda ban taɓa ji ba. Ta ce, "Inna." Ta sake cewa, "Inna." Matar maƙwabcinmu ta rangaɗa guɗa. Hannatu ce, tana shekara shida, bakinta ya buɗe! Na fito a guje ko ɗankwali babu, na miƙa hannuwana. Sai na gan ta riƙe da zanen Talatu, tana kallon fuskar Talatu. Ko waiwayo na ba ta yi ba.

Na yi kan Talatu da masifa. Na ce, "Yaya, bai ishe ki ba? Mutuwa ta ɗauke mini biyu, ke kuma kin ƙwace ta ukun!"

Talatu ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta ajiye kwandon da ke kanta ta ce, "Ban ƙwace ɗiyarki ba, tsintar ta na yi. Wa ke yi mata wanka? Wa ke wanke mata kashi? In jijjiga ta kama ta, wa ke riƙe ta? Ke ko abin da take so ta ci ba ki sani ba."

Na ja gyale na nufi gidan Mama Saratu, shugabar zumuntar mata a lokacin, Allah ya riga ya kira ta gida. Na je ne ta tausaya mini. Ta bar ni na zazzage duka, tana ɓarar gyaɗa, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ɗiyata, kin yi rashi, ba mai musun wannan. Amma biyu Allah ya karɓa. Ta ukun ke kinka binne ta da ranta. Durƙusa mu yi addu'a."

Na durƙusa don kunyarta kawai. Abin da ya fito daga bakina ma ba addu'a ba ce, ƙara ce. Na ce, "Yesu, kana ina lokacin da nake dakan dutsen nan? Me ya hana ka riƙe mini hannu?" Na yi kuka har muryata ta dushe. Ban ga haske ba, ban ji wata murya daga sama ba. Amma da na yi shiru, magana ɗaya ta tsaya mini a zuciya ta ƙi gusawa: tashi ki je ki yi mata wanka.

Na faɗa wa Mama Saratu. Ta ce, "To, mi kike jira?"

Na so a ce babban abu aka umarce ni, azumin kwana bakwai ko wani abin da mutane za su gani. Wanka! Amma na je na ɗora ruwa. Ina taɓa Hannatu ta ƙwalla ihu kamar baƙuwa ta kama ta, ta gantsara mini cizo a hannu har jini. Ga tabon nan. Talatu ta taso, na ce, "Yaya, don Allah bar ni." Na yi mata wankan muna kuka mu biyu.

Washegari haka. Jibi haka. Kada ku ɗauka na zama sabuwar mace a rana ɗaya. Sau da yawa na koma tabarmata na ce ba zan iya ba, yarinyar nan ba ta ƙaunata, kowa ya tsane ni. Sai in tuna ba a ce mini in ji daɗi ba, cewa aka yi in tashi. In ce, "Yesu, ba ni da ƙarfi, ara mini naka," in tashi. Sai da aka yi wata huɗu kafin ta yarda ta karɓi tuwo daga hannuna.

Da idona ya bar kaina, sai na fara ganin mutane. Na ga mijina ya rame, furfura ta cika masa kai. Wata safiya yana wasa fartanya na ce, "Baban Hannatu, kai fa, yaya zuciyarka?" Ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce, "Ke kin daka. Ni na ɗauko buhunan na kawo gida." Ya kifa kansa ya yi kukan da ban taɓa ji daga namiji ba. Shekara biyar yana ɗauke da wannan shi kaɗai, a ɗaki ɗaya da ni, ban taɓa tambayarsa ba.

Na nemi gafarar Talatu, ta yafe. Na shirya in je in roƙi Hajo, na tarar da rugar babu kowa, rashin zaman lafiya ya tashe su, ba wanda ya san inda suka nufa. Wannan maganar har gobe tana ci na.

Ga Hannatu can kusa da ƙofa, ta zama budurwa. Ba ta warke ba. Na roƙa, har yanzu ina roƙo. Tana shara, tana tsince wake, in ana waƙa tafinta ya fi na kowa ƙara. Talatu ce Innarta har yau. Ni Rifka take ce mini, yadda ta ji babanta yana kira na. Yana yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma in ta kira, ina amsawa da sauri, don na san shekarun da ba ta da wani suna da za ta kira ni da shi.

Na gode wa Yesu da bai bar ni a kan tabarmar nan ba. Halleluya! 'Yar'uwa, in kina nan kina jinyar zuciyarki, ban ce ba ki yi rashi ba. Yi kukanki a gaban Ubangiji, yana ji. Amma in ya nuna miki ɗan abin da za ki yi, komai ƙanƙantarsa, ki dogara gare shi ki tashi ki yi. Akwai masu rai a gidanki, kuma ba za su jira ki har abada ba.

Ubangiji ya riƙe mu duka. Amin.