Kada a Kori Tamdrin Daga Fadama

Mai girma shugaban taro, Kawu Gonpo, malaman gidan ibada, baƙinmu masu bincike daga jami'a, iyayena da 'yan'uwana makiyaya maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni ce Sonamkyi, maƙwabciyar Tamdrin, kuma na gode da aka ba ni dama kafin a yanke hukuncin hana shi kiwo a fadama.

Da farko, mu tuna abin da ya same shi. Dusar ƙanƙarar bara ta kashe masa rabin shanu, waɗanda suka tsira kuwa nononsu ya ƙafe, 'yan maruƙa suna kuka a gindin tanti. Shi ya sa ya watsa takin zamani a ɓangarensa na fadama. Ciyawa ta tashi har gwiwa, kuma a lokacin babu wanda ya ga laifinsa.

Na biyu, da Malama Wen, ɗaya daga cikin baƙinmu masu bincike, ta kifa akwatunanta na gwajin iska a ƙasa ta auna, ta gano cewa inda aka zuba takin, iskar nan mai ɗumama duniya ta fi fita. Ina wurin lokacin da ta gaya masa.

Ya ce, “Malama, yanzu ƙasar ma numfashi take yi?”

Ta ce, “Tana yi, Baba. Takin nan kuma haki ya sa ta.”

Ya ƙara mata shayi, sannan ya ce, “Na daina. Amma me zan ba maruƙan?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Wannan kam ba ni da amsarsa.”

Jama'a, mutumin nan bai yi musu ba, bai ɓoye buhu ko ɗaya ba. Fadama tamu ce, a ƙarƙashin tsaunin nan kakanninmu suka bar mana ita, dole mu kare ta. Amma Tamdrin ma namu ne. Malama ba ta da amsa, mu muna da ita. Ni na ba shi gangaren da ke bayan tantina ya yi kiwo har kaka. Wanda ke da busasshiyar ciyawar da zai iya taimaka masa da ita, ina roƙonsa ya ɗaga hannu kafin mu tashi.

Addu'ata ita ce fadamarmu ta huce, shanunmu su ƙoshi, kowa ya koma tantinsa lafiya.

Na gode.