Ranar da Baba Hamidu ya kawo ƙafarsa

Ƴan'uwa, salama ta tabbata a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Sunana Iliya, daga Tama. Ba warkewa na zo in ba ku labarinta ba. Mahaifina ya rasu. Abin da Ubangiji ya fisshe ni daga ciki dabam ne.

Baba ya yi shekaru yana aiki a ramukan haƙar yuraniyom can arewa, kafin ya dawo lambunsa na albasa. Daga baya ya soma rama, dasashinsa na zubar da jini, kowace ƙaramar masassara sai ta kayar da shi. Likita ya ce ɓargonsa ya daina yin jini, garkuwar jikinsa ta faɗi. Ko hasken dutsen yuraniyom ɗin nan da ido ba ya gani ne sanadi, likita bai ce ba, ni ma ba zan ce ba.

A lokacin na gama lisans, wato digirin farko, a ilimin halittu. Na shiga bincike har na ci karo da aikin wata masaniya a ƙasar waje. Ta daɗe tana nazarin yadda uwayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargon mai lafiya suke farfaɗo da ɓargon da irin wannan haske ya lalata, musamman idan na ɗan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin in karanta har ƙarshe, na tsaya a tsakar gida na ce, "Akwai magani!" Kaitona!

Na rubuta mata, ta kuwa amsa cikin mutunci. Ta bayyana mini cewa ba a yin wannan aiki na dashen ɓargo a ko'ina kusa da mu, kuma a shekarun Baba da raunin jikinsa, shirin da ake yi wa majinyaci kafin dashen ma zai iya kashe shi. Na ɓoye amsar, na kasa faɗa wa kowa.

Amma maganata ta riga ta kai kasuwa. Wata safiya sai ga Baba Hamidu, ƙanin mahaifina, wanda bai taka gidanmu ba tun da Baba ya karɓi Almasihu. Yana riƙe da sabuwar sanda.

"Kai, ɗan boko, an ce ɓargon ɗan'uwa kuka biɗa. Ga ni na taho. Ƙafar hagu za a yanke, ta dama ita ka taka mini galma."

"Baba, ba a yanke ƙafa. Da allura ake zuƙowa."

"Allura? To mi kuka jira? Ni har sanda na sassaƙa, na yi bankwana da iyali!"

A tsammaninsa fasa ƙashin ake yi, kamar na saniya a tukunya. A gaban wannan mutum na buɗe baki na faɗi gaskiya. Sannan ya jingine sandar, ya shiga ɗakin wansa. Shi ya riƙa ba shi kunu har ranar ƙarshe.

Bayan jana'iza na daina addu'a. Wata biyar ina zuwa sujada da baki kawai. Ina ganin ni na ɗaga zuciyar mahaifina sama na sake ta ta faɗo.

Ran nan muna ban ruwa a lambu, na gaya wa Baba Hamidu haka. Bai ko ajiye guga ba.

"Karatu ya yi maka yawa, ɗana. Da ka ƙare takardar nan kahin ka yi magana, da wana ya mutu ban gan shi ba."

Nan bakin rijiya na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, na yi garaje, ka gafarta mini. Ka karɓi abin da na kasa ɗauka." Na yi kukan da ban yi a kabari ba, kuma nauyin ya sauka. Yabo ga Ubangiji!

Ban ce baƙin ciki ya tafi ba, yana nan. Ban ce Baba Hamidu ya shigo ikilisiya ba; yana sallarsa, muna cin tuwo kwano ɗaya. Ina kuma yi wa masaniyar nan addu'a, aikinta ya iso mana wata rana.

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, ƴan'uwa, har da kuskuren da kuke jin kunyar ambatawa. Nawa kuskuren ya ɗauka ya ba mahaifina ƙaninsa kafin ya cika. Amin.