Waken Kwana Sittin

A tashar motar garin Moga, ana gama girbin alkama, na ji wani dattijo mai rawani yana tambayar wani mutum mai riƙe da buhu da ke kusa da shi.

"Ɗan'uwa, me ke cikin buhun nan?"

"Sabon irin koren wake ne, Baba, masu binciken iri suka fitar. Kwana sittin ya nuna. Kana yanke alkama ka shuka, kafin dashen shinkafa ka girbe. Har ƙasa yake gyarawa."

"Wa ya aike su? Wata biyun nan su kaɗai ne hutuna. In ja gadona gindin bishiya, in sha kindirmo, in miƙe. Shekara talatin ina gaya wa matata ba abin da ke tsirowa a tsakanin nan, ƙasa ma barci take yi."

"Kuma ta yarda?"

"Har fifita take yi mini. Kai dai kada ka bi ta garinmu da buhun nan."

"Ba ruwana da garinku. Wata baiwar Allah ce ta aiko a kai mata, Gurmel Kaur. Ta ce maigidanta yana nan zaune ba aikin yi."

Dattijon ya daɗe yana kallon buhun.

"Eka nawa ta ce?"

"Duka. Har gindin bishiyar."